Gyaran Da Ba A Sa Ni Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa doguwa, tunda kin ce ta bara gajera ce. Yaya ƙafar? Yaya ɗanki da matarsa, da jikokin nan da suka hana ki barcin rana? Ni lafiyata ƙalau, in ban da kunnen da ya ƙara nisa. Tela ne ke rubuta mini kamar kullum, yana gaishe ki. Wayar da ɗanki ya aiko tana nan cikin kwalinta. Abin da ba na ji, ba zan kara shi a kunne in riƙa cewa na'am ba.

Auta, na je birni. Kada ki yi dariya.

Kin san da 'yarki Mamana ta zo hutu ta ce za a yi bikin fitilu na kwana biyar a babban filin shaƙatawa, har an ba ta wuri ta nuna aikinta, na ce mata ba za ni ba. Na ce shekara talatin da takwas ina ma'aikacin wuta a masaƙa, wuta abar aiki ce, ba abar wasa ba. Ta ce, "To, Kawu." Wannan "to" ɗin nata shi ya hana ni sukuni. Rana ta biyu na sa rigata mai ruwan toka na hau mota, ban gaya wa kowa ba, don kada a ce tsoho ya lashe amansa.

Na isa filin bayan magariba. Auta, an yi ɓarnar wuta. Kowace bishiya an naɗe ta da ƙananan ƙwai har reshen ƙarshe. Akwai wani kifi na waya da ya fi motar da ta kawo ni tsawo, yana shawagi a saman tafki, ruwan kuma yana maimaita shi. Akwai bangon wani bene da ake zuba masa hoto, sai ki ga kamar ginin yana narkewa, ya sake tashi. Akwai wata rumfa doguwa da in an tafa hannu sai launinta ya sauya, manya da gemunsu suna ta tafi kamar an sake haifarsu. Kowa idonsa a sama, ni nawa a ƙasa, ina bin inda wayoyin suka bi. Wasu sun yi aiki mai tsabta. Mai kifin nan kuwa, da yarona ne da ya sha faɗa.

Wurin Mamana na gane shi ne da hotonta a jikin wani allo, da rubutu mai yawa a ƙasansa. Ban ce kowa ya karanta mini ba. A gaban matasan nan masu ƙamshin turare zan buɗe baki in ce ban iya karatu ba?

Kwalabe ta rataya a jikin sanduna, sahu huɗu, kowane sahu tara, talatin da shida ke nan. Kowace kwalba da ƙwan fitila a ciki, irin ja-ja na da, da 'yar takarda tana lilo a wuyanta. Na ce to, babu laifi. Ina tsaye sai ɗaya ta mutu. Can sai wata. Sai wata. Kafin wani lokaci duk sun mutu, saura ɗaya tal a gefe tana ci ita kaɗai. An daɗe a haka, sannan suka dawo, suka sake fara mutuwa. Nan take na gane ciwon: akwatin da ke raba wutar yana ɗaukar zafi, yana sakin layi ɗaya bayan ɗaya, in ya huce ya kama.

Abin da ya ƙona mini rai, duk filin ana ihu ana tafi, wurin 'yarki kaɗai aka yi tsit kamar gidan makoki. Har wata mata na gani tana share ido don tausayin yarinyar. Ita Mamana ba ta wurin. Wanda aka bar wa tsaron wutar, wani dogo mai rigar ma'aikata, yana zaune a kan kujera yana kallon fitilu suna mutuwa, ko gezau. Daga baya ma ya miƙe ya nufi wajen mai shayi.

Kin san aljihuna ba ya rabo da filaya da sukundireba. Na jira suka mutu, na zaga bayan labule, na kashe babban makunni, na ciro wayar jan ƙarfe na bi da ita ta kan sukurori talatin da shida, na haɗa su kai tsaye da uwar wuta, na tsallake akwatin. Minti bakwai, a cikin duhu, da idon ɗan saba'in da huɗu. Ina kunnawa duk suka kama, tar, babu mai ko ƙyaftawa. Wasu yara suka yi tafi. Akwatin ya ɗan yi ƙauri, abin da ya tabbatar mini dama lalatacce ne.

Na sulale na kwana a masaukin tasha, da safe na dawo. Kada ki gaya mata. Ba godiya nake nema ba, na dai rufa wa 'yata asiri a bainar jama'a.

Yayanki.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, yara lafiya. Ka ce wa Tela ya zaunar da kai kafin ya ci gaba, kuma ya karanta da ƙarfi, kada ka ce ba ka ji ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, ashe kai ne.

Shekara talatin ina karɓar haihuwa, ban taɓa ganin abin da ya ɗaga mini hankali kamar takardarka ba. Daren da kake faɗi, yarinyar nan ta kira ni tana kuka har ba na gane maganarta. Na yi ta tsine wa wanda ya yi mata wannan aika-aika, ban san ɗan uwana nake tsine wa ba.

Fitilun ba lalacewa suka yi ba. Haka aka yi su. Wata huɗu ta yi tana haɗa akwatin nan don su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kwalabe talatin da shida, sahu huɗu. Yaya, gidaje nawa ne a layin ma'aikatan masaƙa, inda aka haife mu? Sahu nawa? Layinmu ne ta rataya a filin nan. Takardar da ke wuyan kowace kwalba sunan mai gida ne. Suna mutuwa ne a jere yadda mutanen suka tashi bayan an rufe masaƙa: gidan Sarkin Rini da farko, sai na Direba, sai na matar Kuku, har zuwa gidan Tela da ke karanta maka wannan, shi ne na talatin da biyar. Wadda ta rage tana ci ita kaɗai, gidanka ne, kai da ka ƙi tashi.

Wa ya ba ta jerin? Kai. Da ta zauna a ƙofar ɗakinka da littafi tana tambayarka wa ya fara tashi, wa ya bi shi, ka ɗauka hira take taya ka. Duk yana rubuce a allon da ka ƙi a karanta maka. A ƙasansa ta sa: "Kawuna ne ya riƙe mini sunayen nan a ka. Bai iya rubutu ba, kuma bai manta ko ɗaya ba." Matar da ka gani tana share ido, ba tausayin 'yata take ji ba, abin ne ya taɓa ta.

Lokacin da kake bayan labule, ita tana bakin ƙofar fili tana tarbar waɗanda suka shirya bikin, da baƙin da za su zaɓi ayyukan da za a kai wasu garuruwa. Ta kawo su, suka tarar da ƙwai talatin da shida sun zuba musu ido kamar shagon mai sayar da fitila. Akwatin ya ƙone. Sauran kwana ukun an lulluɓe wurin da tamfol.

Wannan duk da sauƙi, yarinya ce, za ta sake wani. Wanda ka kashe shi ne mutumin da ka kira dogo, haka ma ake kiransa, Dogo. An kore shi washegari. An ce shi ne ya ga akwatin ya ba shi matsala, ya yi haɗin ɓarayi don ya rufe, ya ƙona kayan mutane. Ya rantse ya maya, babu wanda ya saurare shi. Maganar ta kai layin masu gyaran wuta inda yake zama ana ɗaukarsa aiki. Yanzu ko soket ba a ba shi ya ɗaura. Yana da mata da 'ya'ya huɗu.

Ban gaya mata ba. Ba don ka hana ni ba, sai don ba bakina ya kamata ta ji shi ba.

Ƙanwarka Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa. Na san sati uku ke nan. Ba ciwo na yi ba. Tela ne ya yi yaji. Da ya gama karanta mini takardarki, har da sunansa a ciki, sai ya ninke ta ya ajiye a kan keken ɗinki, ya ce, "Ashe har da ni ka kunna." Kwana goma bai yi mini magana ba. Sauran kwanakin kuma ni ne na kasa zuwa shagonsa.

Da farko dai, wa ya ce ta rubuta a allo cewa ban iya rubutu ba? Duk mutanen birni sun karanta, ni kaɗai ne ban sani ba. Na biyu, ma'aikacin kirki ba ya barin wuta a kunne ya tafi shan shayi. A masaƙa da an ga haka sai dai ya nemi wani aikin. Na uku, akwati irin wannan ana sa masa kwaɗo, ana sa masa fis. Da akwai fis da bai ƙone ba.

Tela ya ajiye biro ya ce in wannan ce wasiƙar, in nemi wani marubucin. To, ya ɗauka, zan faɗi sauran.

Auta, tun ranar ban iya haɗa ido da kowa ba, har da mai kawo mini burodi da bai san komai ba. Na zauna na tuna yadda suka riƙa mutuwa. Ta farko, sahu na biyu ce, can ƙarshe ta wajen hagu. Nan ne gidan Sarkin Rini, kusa da famfo. Ta biyu, sahun gaba, ta huɗu. Gidan Direba, mai bishiyar lemo. Ta uku tana bayanta, matar Kuku, wadda ta tafi da ƙofar ɗakinta a kan amalanke don mijinta ne ya sassaƙa ta. Ko ɗaya yarinyar nan ba ta kuskure ba. Ni da nake bugun ƙirji cewa ko an rufe mini ido zan kai mutum kowane gida a layin nan, ni da nake gyara wa mutane shekarar da aka haifi 'ya'yansu, na tsaya a gaban layinmu har na ƙirga shi, talatin da shida, ban gane shi ba. Waya nake kallo.

Da na ce wa yaro ɗaya, ɗana, karanta mini allon nan, da shi ke nan. Numfashi ɗaya. Na ji kunyar wannan, ga inda ta kai ni.

Ina roƙonki don darajar iyayenmu ki bar maganar nan a tsakaninmu. A duk zuri'armu Mamana kaɗai ce ke zama ta saurare ni. Sauran in na fara "a shekarar da aka kawo injin na uku" sai su tuna suna da aiki. In ta san ni ne, wa ya rage mini?

Shi Dogo, na yi tunani. Akwatin kayan aikina yana nan, babu abin da ya ɓata a ciki, irinsu ba a samunsu yanzu. Zan ba direban motar birni ya kai masa, a ce wani bawan Allah ne ya aiko.

Yayanki.

*

Yaya,

Muna lafiya. Takardarka ta zo, na karanta na farko da na biyu da na uku, na gode wa Tela.

Ka bar akwatinka a inda yake. Mutumin nan ba filaya ya rasa ba, sunansa ya rasa, kuma yana aljihunka. Mamana ta ce ranar Laraba ta hango shi yana sauke buhunan siminti a wani gini. Da ya gan ta sai ya juya baya.

Kai ne ka taɓa tsayawa a gaban manaja ka ce a kore ka maimakon yaron da aka ɗora wa laifin gobarar sito, alhali ba kai ba ne ma. Ina 'yar shekara goma sha biyu, ina ta yi wa ƙawayena alfahari da kai. Wannan yayan nake nema. In ya mutu a faɗa mini in zo gaisuwa.

Auta.

*

Zuwa ga Mamana,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da abokan aikinki. Kawunki ne. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, don in na tsawaita ba zan kai ga maganar ba.

Na zo bikinku rana ta biyu. Na ga fitilunki suna mutuwa na ɗauka lalacewa ce. Ban tambayi kowa ba, ban ce a karanta mini allo ba. Da Dogo ya tashi, ni ne na shiga bayan labule na tsallake akwatin. Ni na ƙona shi. Dogo bai san komai ba, bai ma gan ni ba. Har na dawo gida ina jin daɗi, na aika wa uwarki takarda ina yabon kaina.

Na daɗe da sanin gaskiya, tun sati biyar da suka wuce, na yi shiru don tsoron ki daina zuwa. Wannan shirun ya fi gyaran muni, don gyaran da jahilci na yi shi, shirun kuwa da sanina.

Ba na ce ki yafe mini ba. Ki kai takardar nan wa waɗanda suka kore shi, su karanta. In suna son su ji daga bakina, su faɗi rana.

Jerin da kika yi daidai ne daga farko har ƙarshe. Na so in gaya miki wannan a wata rana da ba wannan ba.

Kawunki.

*

Auta,

Gaisuwa. Lafiya lau, sai dai abinci ba ya shiga.

Yau kwana ashirin da shida da na ba direba takardar. Ya rantse hannu da hannu ya ba ta. Kullum motar la'asar ta tsaya sai in fito bakin hanya kamar mai shan iska, direban har ya fara kaɗa mini hannu tun daga nesa, alamar babu. Kin ce in faɗa, na faɗa. Yarinya ta yanke ni, kuma ban ga laifinta ba. Kada ki sa baki. Ki dai gaya mini ko an mayar da mutumin nan bakin aikinsa, wannan kaɗai nake son ji.

Yayanki.

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da Baba Tela. Umma ta ce ba ka cin abinci. Don Allah ka ci.

Ban yanke ka ba. Sau huɗu ina rubuta wannan ina yagawa, don akwai abin da ban san yadda zan faɗa maka ba.

Kawu, na san kai ne tun washegari. Da gari ya waye na buɗe akwatin, na ga wayar ta zagaye kowane sukuru ta hannun da ake ɗaure shi, an lanƙwasa bakinta ciki don kada ta soki yatsa. Ina 'yar shekara tara ka koya mini haka a kan rediyon Umma, ka ce masu gaggawa ne ke barin bakin waya a tsaye. A duk filin nan babu mai wannan haɗin. Na zauna a ƙasa na rasa abin da zan yi.

Da rana aka kira mu ofis. Aka tsayar da Dogo ana ta ɗora masa laifi, yana cewa, "Hajiya, ke kin san aikina, ki faɗa musu." Ya ce haka sau uku. Na sunkuyar da kai. Na kasa cewa kawuna ne, wanda na rubuta a allo ina alfahari da shi. Na ce a raina gobe zan faɗa, goben ta zama wata biyu. Kai ba ka san abin da kake ɓatawa ba. Ni na sani, ina kallonsa.

Kada ka ɗauka ba na fushi da kai. Ina yi, sosai. Wata huɗu na yi a kan aikin nan, kuma don kai na yi shi. Amma ban isa in ɗaga maka murya ba sai na gama da nawa.

Na kai takardarka ofis, na faɗi nawa ma. Suka ce ayya, za su tuna da shi baɗi. Na je na sami Dogo a wurin ginin. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi baɗi ba ta dame shi ba. Ya ce a layin masu gyaran wuta aka binne shi, a nan yake so a tono shi. Wanda ya yi, ya zo da ƙafarsa ya faɗa a gaban mutanen layin, ranar Litinin da safe, lokacin da kowa yake nan.

Na ce masa tsoho ne. Ya ce da ya shiga bayan labule ai bai tuna da tsufa ba.

In za ka zo, ina tasha ƙarfe tara. Tare za mu tsaya.

'Yarka.

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata ƙafa ta ƙara sauƙi. Na dawo jiya da la'asar, lafiya. Ga yadda aka yi, tunda na san in ban faɗa ba za ki ce na rage.

Mamana ta tare ni a tasha. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa, muka kama hanyar layin.

Layin nasu wani dogon lungu ne, shaguna hagu da dama, wayoyi a naɗe a rataye, fankoki a ƙasa an ciccire musu fukafukai, ga janareto yana ta ruri. Masu jiran aiki suna zaune a kan benci da jakunkunansu, sun kai ashirin. Dogo yana can ƙarshen bencin, an bar tazarar mutum biyu tsakaninsa da na kusa da shi. Wannan tazarar ita ta fi komai tsaya mini a rai.

Akwai shugabansu, wani mai furfura da tabarau a goshi. Na yi masa sallama na ce ina da magana da jama'a. Ya ce, "Baba, in fanka ce ka ajiye, sai jibi." Na ce ba fanka ba ce.

Na cire hulata na fara. Kin san wanda ba ya ji bai san ƙarfin muryarsa ba. Ashe a hankali nake yi, janareto ya cinye. Wani ya ce, "Ba ma ji!" Na sake. Suka ce har yanzu. Shugaban ya sa aka kashe janareton, lungun ya yi tsit, masu shaguna suka firfito, har da masu wucewa. A karo na uku na faɗe shi da ƙarfi yadda ko na bakin titi ya ji: ni ne na yi haɗin da aka kori Dogo a kansa, ba a sa ni ba, ban tambayi kowa ba, ban iya karatu ba kuma na ji kunyar a karanta mini.

Wani mai jar riga ya ce, "Baba, kai da wa?" Na ce ni kaɗai. Ya ce, "Sukurori talatin da shida? A duhu? Haba Baba, nawa Dogo ya ba ka ka zo ka ɗauke masa?" Aka fashe da dariya. Auta, ban taɓa zaton sai na yi rantsuwa kafin a yarda ni ne mai laifi ba. Shugaban ya sa aka kawo katako mai sukurori da guntun waya, ya ce in nuna. Na yi musu guda tara. Ya sauke tabarau ya duba, ya miƙa wa na kusa da shi, aka yi ta zagayawa da shi hannu zuwa hannu. Dariyar ta mutu. Wannan aikin da na yi shekara talatin da takwas ina taƙama da shi, shi aka zagaya da shi a matsayin shaidar ɓarnata.

Sai Mamana ta matso ta ce ita ma tana da nata. Ta ce ta san gaskiya tun washegari ta yi shiru. Na so in ce a bar yarinya, laifina ne, na ga ba ta so a tare mata, na ƙyale ta.

Shugaban ya juya wajen benci ya ce, "Dogo, mun ci haƙƙinka." Mai jar rigar nan ya matsa kusa da shi yana sosa ƙeya. Ana haka wani mutum ya shigo neman wanda zai ja masa wuta a sabon gida mai hawa biyu. Shugaban bai ko duba sauran ba, ya ce, "Ga Dogo nan."

Ya ɗauki jakarsa. Ya zo wucewa ta gabana, na ce, "Ɗana, ka yafe mini." Ya tsaya. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Wata biyu 'ya'yana suna jin ana kiran ubansu mai haɗin ɓarayi. Ba yau ba, Baba. Wataƙila wata rana." Ya yi taku uku ya waiwayo ya ce, "Haɗin dai ya yi kyau. Wurin ne ba naka ba."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya bi mutumin suka fita. Aka tayar da janareto, kowa ya koma shagonsa. Ni kuwa ina nan tsaye a tsakiyar lungu da hula a hannu, ban san an watse ba, sai da Mamana ta taɓa mini kafaɗa ta ɗaga murya yadda zan ji, ta ce, "Kawu, sa hularka. An gama."

Ki gaida yara.

Yayanki.